Maganaɗisun tsohuwar sifika

Yau da yamma a Sabon Gari mai gyara ya farke min tsohuwar sifika ya ciro maganaɗisun ciki, ƙanina da ke karanta fiziks a BUK ya ɗauka yana ta kwashe ƙusoshi da shi, kawai sai ya ce "Yaya ka san akwai ƙarfen da in aka sanyaya shi sosai lantarki ke bi ta cikinsa ba turjiya ko kaɗan, ko zafi ba ya ɗauka?" Tun 1911 aka gano haka a Holan da zaiba. Amma fa wannan hali ba ya ga maciji da maganaɗisu, don ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarkin, bibbiyu suke tafiya ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, shi ko maganaɗisu so yake duk su kalli gefe guda sai ya wargaza su.

Inda ya kashe min jiki shi ne a 2000 a Kambirij ta Ingila aka matse haɗin yuraniyam da jamaniyam, UGe2, aka sanyaya shi har ya wuce digiri -272 a ma'aunin Salshiyos, sai ga halayen biyu, rashin turjiya da maganaɗisu, zaune a ƙarfe ɗaya, aka sake samun haka a wasu haɗe-haɗen yuraniyam ɗin, URhGe a 2001 da UCoGe a 2007, ba ma sai an matse ba. Masana na ganin a nan ilektiron ɗin tun farko gefe ɗaya suke kallo in za su haɗu, shi ya sa ba rigima. Ikon Allah! Har muka hau adaidaita ina sharce gumi ina ta ƙoƙarin kwatanta sanyin -272 a raina, wallahi na kasa.