Kwana uku tsakanin duwatsun Tula

Tun ina yaro, duk lokacin da muka bi hanyar Gombe zuwa Yola, da zarar mota ta wuce Billiri ta doshi Kaltungo sai in manne da taga. Akwai wani dutse mai tsini da ke tsaye shi kaɗai, daga can nesa kuma wasu duwatsu jere, shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Mahaifina ya taɓa nuna min su ya ce can ne Tula, masu kirarin maza ba tsoro. Na shekara fiye da 20 ina wuce su a mota. Bara ne ni da wani abokina malamin makaranta muka ƙulla cewa za mu shiga cikinsu da kekuna, mu kwana a ƙauyukan da ke kwance a kwaruruka.

Shirinmu na farko a waya muka yi shi. Muka buɗe taswira, muka auna, muka raba tafiyar kwana 3, kowace rana kilomita 40. Muka tsayar da watan Oktoba, don lokacin ruwa ya ɗauke amma ƙasa na nan shar. Na kai wa Kawu takardar shirin, ƙanen mahaifiyata wanda ya yi aikin jinya shekaru da dama a wannan yanki kafin ya yi ritaya. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta, ya ɗora a kan tabarma.

"Ɗana, wa ya ba ku watan goma?"

Na ce, "Kawu, mu muka zaɓa."

"Lokacin kaka ke nan. Ciyawa ta kai ƙugu, ana tuge gyaɗa, ana yankan dawa, ɓeraye sun cika gona, maciji na bin su. Kana zaton a banza aka yi asibitin masu cizon maciji a Kaltungo?"

Ya daɗe yana min bayanin kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƙarama ce, launinta sak na ƙasa da busasshen ganye, ba ta cika gudu idan ta ji tafiyar mutum ba. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara zai iya ganin kamar ya warke, sai daga baya jini ya fara fitowa ta dasashi. Ya ce idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure ƙafar tamau da igiya. A hana mutum tafiya, a ɗauke shi, a nemi abin hawa zuwa asibiti inda ake da allurar kashe dafi. Sannan ya sa na yi alkawarin abu biyu: takalmi mai rufe idon sawu, da kuma cewa ba za mu taka ko nan da can da dare ba tocila ba. Muka mayar da tafiyar Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da an gama girbi ciyawa ta kwanta.

Kayanmu ba su da yawa. Famfo, faci da gam, tiyub biyu-biyu, robar birki, jarka mai lita 5 kowa ɗaya, garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, bargo, da goro ƙwarya guda da Kawu ya dage sai mun riƙe don gaisuwa. Na so in rage goron saboda nauyi, ya ce a'a.

Bayan sallar asuba aka ɗaure mana kekunan a saman mota. Kumo, Billiri, sai ga mu a Kaltungo, tafiyar wajen kilomita 70, kafin rana ta yi zafi. Muka sha shayi, muka hau, daga gaba muka bar babban titin Yola muka kama hanyar da ta haura Tula.

Nan lissafin waya ya fara warwarewa. Taswira tana nuna tsawon hanya, ba ta nuna yadda take miƙewa sama. Awa ɗaya muna murza feda, sauran duk turawa muka yi, gumi na bushewa a jiki saboda iskar hunturu, leɓe na tsagewa. Wani dattijo da ya sauko da itace a ka ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Sannunku, samari. Nan ko doki ba ya so." Gaskiya ya faɗa, kuma tarihi na bayansa. Bayan Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a 1804, mahaya sun mamaye filayen ƙasa, amma mutanen waɗannan duwatsu sun ci gaba da zamansu a kan tudu. Sai da na tura keke a kan wannan hawa na gane dalili da ƙafafuna. Turawa ma da suka zo, a Tula suka ajiye hedikwatar ƙasar Tangale-Waja, kuma gidan yarin da suka gina yana nan har yau.

Tula ba gari ɗaya ba ne, akwai Wange, da Yiri, da Baule, kowanne da unguwanninsa. Muka nemi gidan mai unguwa, muka cire takalma, muka gaishe shi, muka miƙa goro. Da Hausa muka yi magana, don ko da yake suna da harshensu, Hausa ce ta kasuwa da baƙo. Ya tambayi daga ina, 'ya'yan wa, me ya kawo mu. Da ya ji za mu gangara kwari da kekuna, sai ya girgiza kai. "Ku bar su a zaure. Hanyar can ta ƙafa ce." Ya kira wani jikansa, saurayi ɗan shekara kamar 18, ya ce ya raka mu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gonakinsu. Gefen dutse ne mai gangara, wanda a wajenmu ba wanda zai kalle shi da sunan gona. Su kuwa sun tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya, sun jera su katanga-katanga, hawa-hawa kamar matakala, daga gindi har kusan ƙoli. Ba siminti, ba laka, dutse ne kawai a kan dutse, manya a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani. Na durƙusa gaban wata katanga da ta kai min gwiwa. A bayanta ƙasa ce baƙa mai laushi ta taru, kututturen karan dawa na nan a jere, ga ɓawon wake ya bushe. Idan ruwan sama ya sauko da ƙarfi, katangar ce ke karya masa gudu, ta riƙe ƙasar, ta ba ruwan damar nutsewa. Yaron ya nuna min inda wani ɓangare ya rushe a daminar da ta wuce, ya ce shi da babansa za su tayar kafin shuka. Na tambaye shi wa ya fara ginawa. Ya ce, "Yaya, haka muka tashi muka gani." Mu da zaizayar ƙasa ke cin unguwanni a cikin garin Gombe duk damina, na ga ya kamata a ce an kawo ɗalibanmu nan sun gani da idonsu.

Gangarawar ta ci mana sauran wunin. Na tambayi yaron kilomita nawa ya rage, ya ce bai san wannan ba, amma idan mun ɗaga ƙafa za mu isa kafin inuwar dutsen can ta taɓa tsamiyar da ke ƙasa. Haka kuwa aka yi. Ruwanmu ya ƙare tun la'asar, don lita 5 ba ta isa mai hawan dutse a hunturu. A gindin wani fa muka tarar da mata uku suna jiran ruwa ya tsattsafo cikin wani ɗan rami, ɗaya na kwarfa da ƙoƙo a hankali don kada ya gurɓace. Sun fi awa a wurin, amma babbarsu ta karɓi jarkata ta fara cika ta kafin tulunta. Na ce, "Inna, ki bari mu bi layi." Ta ce baƙo ba ya bin layin ruwa.

A ƙauyen muka kwana biyu. Tuwon dawa da miyar kuka, wuta a tsakar gida, sanyi kuwa har cikin ƙashi, bargo ɗaya bai isa ba sai da aka ƙara mana buhu. Babu sabis, sai an hau wani tudu. Mai masaukinmu ya nuna mana tabo a idon sawunsa, ya ce a kakar gyaɗa ne, kuma a kan gadon kara aka ɗauko shi har inda babur ke iya zuwa. Na tuna watan goman da muka so zuwa, na yi shiru.

A rana ta uku muka hauro, muka karɓi kekunanmu a zauren mai unguwa, an ma share musu ƙura. Gaba ɗaya abin da muka taka da ƙafa bai kai rabin abin da muka rubuta a takarda ba. Wajen saukowa robar birkin abokina ta cinye, muka tsaya gindin wata ɗorawa muka canza, sauran gangaren muka riƙe su a hannu har fili.

Kafin mu rabu, yaron ya nuna min wasu duwatsu can kudu cikin hazo, ya ce ƙasar Dadiya ce, kuma yana da ɗan'uwa a can da ya san hanya. Na karɓi lambarsa. Mun sa Disamba mai zuwa, ba keke, jarka biyu-biyu, kuma takardar tana hannun Kawu yana dubawa.