Baƙo a Nima, da koyon sauraron masu shaye-shaye

Neman kuɗi ya kawo ni Accra, ba karatu ba. Kawuna ya daɗe yana sayar da yadi a Nima, wata unguwa a birnin, shi ya ce in baro Funtuwa in zo in kama masa. Shigowa ba wuya, ɗan ƙasar ECOWAS yana da kwana 90 ba biza. Zaman ne mai ƙa'ida: sai katin shaidar baƙi, sai izinin zama, ga kuma dokar zuba jari ta 2013 da na tarar ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki a kasuwa. Shagon Kawu da sunan matarsa yake, 'yar gari ce. Ni kuwa na gane da wuri cewa buɗe nawa shagon ba nan kusa ba.

Nima ba ta barin Bahaushe ya yi kewar gida sosai. Koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, kiran salla ta kowace kusurwa, Hausa a bakin kowa, har wanda kakansa daga Mosi ko Zabarma ya fito. Sai ka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Circle a tsakiyar gari, yaron mota ya zuba maka yaren Twi, sannan ka tuna kai baƙo ne.

Akwai samari masu zama a bakin babbar kwatar nan da ke tsakanin Nima da Mamobi. Yawancinsu 'yan acaɓa ne da 'yan dako. Na sha ganin ana ɓalle ƙwayar tramadol a jefa cikin kwalbar lemon ƙara kuzari, a girgiza, ta zagaya hannu uku. Tramadol mai miligiram 50 da 100 ce hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta amince da ita, ita ma sai da takardar likita. A bakin kwata mai 225 ake nema. Daga baya aka shigo da wadda suke kira Red. Ranar da wani yaro ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, jama'a suka ce aljanu ne, wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta ce ƙwaya ce ta yi masa yawa. Ita ta haɗa ni da masu koyar da aikin ba da shawara ga masu shaye-shaye, Asabar da Lahadi.

A ajin ne na san cewa ƙasar ta sauya tunani, a takarda dai. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020, mai lamba 1019, ta maye gurbin ta 1990. Wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai, tara ce a kansa, sidi 2,400 zuwa 6,000, maimakon ɗaurin shekaru kai tsaye. Amma ɗan dakon da ke da dubu biyu a ajiye ai da bai zauna bakin kwata ba, kuma wanda ya kasa biya kurkukun dai zai je. An kai mu asibitin Pantang muka ga sashen masu neman rabuwa da ƙwaya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne manya, Pantang da na Accra da Ankaful kusa da Cape Coast, duk a kudu. An kuma faɗa mana ba mai kiran kansa ƙwararre sai ya yi rajista da majalisar masana halayyar ɗan Adam ta Ghana.

Karatun kansa rabinsa koyon kama baki ne. Mu mutanen wa'azi ne, da mun ga mai laifi sai aya da hadisi. Malamarmu takan ce yaron ya riga ka sanin haramun ne, tambaye shi me ƙwayar ke yi masa wanda ba ya son rasawa. Amsar kan ba da mamaki: ciwon baya, kwana uku ba barci a kan babur, wani kuma kunyar mata. Sun koya mana alamomin jikin wanda ya daina farat ɗaya, gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi, da cewa mai shan akpeteshie, barasar gargajiya mai ƙarfi, kullum in ya yanke ba likita a kusa yana iya rasa ransa. Komawa ruwa bayan an daina ma, suka ce, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Abin da ban zata ba, baƙuntar da ta hana ni shago ita ta buɗe mini bakin yaran. A zango kowa ya san uwar kowa. Abin da ka faɗa wa malamin unguwa da hantsi, kafin la'asar ya kai kunnen gwaggonka. Ni ba ni da dangi a gidajensu. Wani ya taɓa ce mini, "Yaya, kai ba ka san Babana ba, shi ya sa nake gaya maka."

Iyaye ne ba sa jin daɗin hakan. Wata dattijuwa ta tare ni a ƙofar shago, ta ce, "Malam, me yaron nan ke faɗa maka?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, amanarsa ce. Amma ran Asabar ki zo, mu zauna da shi tare in ya yarda." Ta yi tsaki, ta ce wannan irin aikin Turawa ne. Ta zo ɗin, da mayafinta da carbinta, ta zauna can nesa da shi.

Kawu har yanzu yana tambayata yaushe karatun nan zai fara kawo kuɗi. Takardun rajistata suna hannun hukuma, da safe kuma ina auna yadi.