Kantin kayan cika harsashi a Texas: yadda kasuwar take

Kantina ƙarami ne, a nan jihar Texas ta Amurka. Kayan farauta nake sayarwa, amma abin da aka fi sanina da shi kayan masu cika harsashi da hannunsu ne: kwanso, albarushi, kan harsashi, da kuma firama, 'yar ƙwayar nan da ke gindin kwanso wadda ke tayar da wuta. Mafarauta da masu gasar harbi da yawa a ƙasar nan ba sa yar da kwanson da suka harba. Tarawa suke yi su sake cikawa, don sauƙin kuɗi, kuma don harsashin ya dace da bindigarsu.

A wurin wani dattijo na koyi aikin, shi ne mai kantin kafin ni. Bai bar ni na taɓa sikelin auna albarushi ba sai da na ƙware a tantance kwanso. Zai zube tsofaffin kwansuna a tire, in riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina juyawa a ƙarƙashin fitila, ina neman tsaga a wuya ko wani farin zobe kusa da gindi, alamar tagullar ta gaji. Har yau duk tsohon kwanson da ke kan kantata ta hannuna ya bi. Albarushi kuwa yana cikin robarsa ta asali, a ɗaki mai sanyi marar laima. Zafin Texas ba ya wasa da kaya.

Firama ce ke juya kasuwar nan. Kafin 2020 kwali mai dubu ɗaya bai wuce dala talatin da 'yan kai ba. Da korona ta zo, jama'a suka yi rububin sayen bindigogi, masana'antu suka karkata firamar zuwa harsashin da suke haɗawa da kansu, farashi ya haura dala ɗari. Manyan kamfanonin da ke yin ta a Amurka ma ba su da yawa: CCI, Federal, Winchester da Remington, ita Remington kuma a 2020 ta karye. Albarushi ma da nasa labarin. Varget da H4350, nau'o'in albarushin da kowa ke nema, kamfanin Hodgdon daga Ostireliya yake kawo su, don haka sai an yi haƙuri da jirgin ruwa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kwasa. Mutum bai san ko yadda ake riƙe kwanso ba, ya shigo da ƙaninsa da matarsa kowa ya ɗauki kwali, da yamma ka ga kayan a intanet an ninka kuɗi. Shi ya sa na ƙayyade abin da mutum ɗaya zai saya, kuma ban janye ba har yanzu. Sai masu nuna mini waya, wai sun ga mai araha. Malam, ka haɗa da kuɗin aike da kuɗin dakon kaya masu haɗari tukuna, sannan mu yi magana.

Farautar barewa da bindiga a nan farkon Nuwamba take buɗewa. Mai son H4350 ya leƙo tun watan Agusta ya rubuta sunansa, don 'yan kwasa ma sun san lokacin.