Talata za a shiga kotu, yau Barista ya tuna da kuɗinsa

Ana cikin sauke tirelar albasar da ta iso daga Aliero ta jihar Kebbi sai ga kira daga ofishin Barista, lauyana a ƙarar da na kai wani da ya ci mini kuɗin kaya, wai in zo yanzu akwai magana. Na ɗauka shirin Talata ne, za mu bi takardar rantsuwata layi-layi kamar yadda ya alkawarta. Na bar wa Yaya rumfa, na hau danfo, motar hayar Legas, daga kasuwar Mile 12 zuwa Ikeja, rigata sai warin albasa take.

Ashe ba zancen shaida ba ne. Takarda ya turo mini a kan tebur, sabon lissafi. Yadda muka yi tun farko, Kawu na zaune, shi ne in biya rabi, sauran sai an yanke hukunci. Rabin kuwa na biya. Yanzu kuɗin ya kusa ninkawa, ga na zaman kotu daban, kowane zama, ko da an je an tarar alƙali bai zauna ba. Hujjarsa wai a 2023 an fitar da sabon tsarin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa, kuma tun da aka cire tallafin mai komai ya tashi. Ban musa ba, ni ma na san abin da direbobin Kebbi suke cajina yanzu. Amma 2023 ba jiya ba ce. Me ya hana shi faɗa sai da aka sa ranar sauraron shaidu?

Abin da ya tsaya mini a rai ma ba adadin ba ne. Mutumin nan tun daga ƙofa da Hausa muka gaisa, har ya tambayi ƙafar Hajiya. Da na ce, "Barista, ai ba haka muka yi ba," sai ya gyara tabarau ya juya harshe zuwa Turanci. Tsantsarsa, irin na gaban alƙali. Na sake magana da Hausa, ya sake mayar mini da Turanci, yana tambaya ko akwai wata yarjejeniya a rubuce. Shi da ya karanta doka, wa ya kamata ya rubuta? Duk wannan lokacin tafin hannunsa na kan fayil ɗina, mai koren bangon nan da aka ɗaure da zare. Asalin rasitai da takardun lodin da za a miƙa wa kotu duk suna ciki. Bai ce zai riƙe ba, bai kuma ɗaga hannun ba.

Na ce zan yi shawara. Da zan fita ya ce, "A gaida gida, Alhaji." Hausar ta dawo.

Cunkoso a Ojota. Ban ci abincin rana ba, sai gyaɗa.

Bayan magariba na tsaya da maƙwabcinmu na ƙasa, mai aiki a rajistar kotu. Ya ce kar in yi zafi. In nemi lissafi a rubuce, dalla-dalla, da sa hannu, domin ko lauya zai kai ƙarar wanda yake wa aiki kan kuɗinsa, sai ya miƙa wannan takarda an yi wata guda, kuma ana iya roƙon kotu ta tantance lissafin. Ya ce lauya ba ya ajiye shari'a ana gobe zama kamar an ajiye buhu, sai kotu ta sani. Na ɗan ji sanyi. Sai kuma ya kawo ɗaya ɓangaren: in na canza lauya, sabon zai nemi a ɗage zama ya karanta fayil, zai kuma so ya ji an sallami na farko. A Legas kuwa ɗage zama ɗaya na iya cin watanni. Wanda ya ci mini kuɗin kaya babu abin da yake so irin haka. Da bashin bai wuce miliyan biyar ba, da kotun ƙananan basussuka na kai da kaina, ba lauya ba ɗan aike.

Uwargida ta ce in biya kawai in huta, wai ba a faɗa da wanzami aska na kan wuya. Yaya ya ce ko sisi. Dukansu ba su ne za su tsaya a akwatin shaida ba.

Ni dai na yanke: kuɗin zama zan biya, na Talata har na tura. Ƙarin kuwa sai na ga takarda, sai kuma an zauna da wanda aka yi maganar a gabansa. Kawu zai kira Barista gobe da safe. Na ce masa in Barista ya fara Turanci, ya kashe wayarsa ya kira ni.