Eric ne ya zauna mini a rai

A daren jiya na kammala kallon Entourage, shirin barkwanci mai dogon zango da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2004 zuwa 2011. Labarin Vince ne, matashin ɗan wasan fim da ya baro unguwar Queens ta birnin New York zuwa Los Angeles tare da yayansa da aminansa biyu na ƙuruciya. Na yi dariya sosai, musamman idan wakilinsa Ari ya hau faɗa a waya, amma Eric, ɗaya daga cikin aminan nan biyu, shi ne ya fi zauna mini a rai, domin shi ke iya kallon ƙwayar idon Vince ya gaya masa cewa ya yi kuskure, ko da hakan zai jawo musu saɓani.