Kwalin humrar da ya maƙale a Ngaundere

Shekara huɗu ke nan ina sayar da humra da turaren wuta daga ɗakina a Garwa, a arewacin Kamaru. Kayan daga Njamena suke shigowa ta Kuseri, ni kuma in ɗauki hoto in ɗora a WhatsApp. Yawancin masu sayen kayana ban san fuskarsu ba. Su turo kuɗi ta Orange Money, in kai kaya ajans, wato kamfanin motocin safa da ke ɗaukar saƙo, shi ke nan.

Ana saura kwana goma bikin 'yarta, wata Hajiya a Birikitiri, unguwar Hausawan Yawunde, ta sayi kayan sefa dubu 60. Na naɗe na kai. Da mai rubuta rasit ya tambayi kimar abin da ke ciki, sai na ce dubu 15, don na san da kimar ake yanka kuɗin aike. Har kilishi na saya a hanya da rarar da na samu, ina jin kaina mai wayo.

Kwana huɗu shiru. Na Yawunde suka ce bai iso ba, na Garwa suka ce ya tashi. Hajiya ta kira, muryarta a sanyaye: "'Yata, ni fa ban san ajans ba, ke na sani." Raina ya sosu, don ni dai na san na aika. Amma da dare na yi ta juya maganar. Ba ita ta zaɓi motar ba, ba ita ta ɗaure kwalin ba, rasit ɗin ma a jakata yake. Kuɗi ta ba ni don kaya su shiga hannunta, kuma ba su shiga ba.

Washegari na je wurin shugaban ajans da zafina. Bai ɗaga murya ba. Littafi kawai ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan 15,000 da sa hannuna a gefe.

"Madam, ko an tabbatar ya ɓata, abin da kika rubuta shi za a duba."

Bakina ya mutu.

Na ranci kuɗi wurin yayata, na haɗa wasu kayan, na faɗi kimarsu ta gaskiya. Suka isa ana gobe sa lalle. Hajiya ba ta san na ci bashi ba, ban kuma ga amfanin faɗa mata ba.

Sai bayan mako uku kwalin farko ya fito a Ngaundere, inda aka sauya wa kaya mota. Ashe kwalba ɗaya ce ta tsiyaye a hanya, humrar ta jiƙa kwalin ta wanke sunan da lambar wayar da na rubuta da alƙalamin maka. Ƙamshi ne ya ishi mai gadin sito har ya buɗe, ya tarar da 'yar takardata ta talla a ƙasan leda.

Yanzu kowane murfi sai na naɗe shi da salatif, kwalba a leda biyu, lamba a ciki da waje a ƙarƙashin salatif. Sunan mai karɓa kuwa yadda yake a katin shaidarsa nake rubutawa, ba "Maman wane" ba, don da katin ake miƙa kaya. In ɗauki hoton kwali da rasit in tura kafin in bar wurin.

Mai gadin nan ya roƙi kwalba ɗaya don matarsa, na ba shi. Bashin yayata kuwa wata biyu na yi ina biya.