Kunne kaɗai bai kai ni ba

Cikin sanyin Disamba na fara kwas ɗin lissafin kuɗi ta intanet, daga ɗakina a Unguwar Rogo. Sau uku a mako, bayan isha'i, ta Zoom. Duk wanda ya san Jos a wannan lokacin ya san yadda yatsu ke ƙagewa. Ina lulluɓe da bargo, waya na jingine jikin flas ɗin shayi, malamarmu kuwa daga Legas tana ta kukan zafi.

A makon farko aka turo mana tambayoyi, wai kowa ya gano salon koyonsa. Tsarin sunansa VARK, wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna Neil Fleming ne ya fito da shi a 1987. Ya kasa masu koyo gida huɗu: mai gane abu in ya gani, mai ganewa in ya ji, mai son karatu da rubutu, da wanda sai ya sa hannu ya yi. Na amsa, aka ce ni mai ji ne. Abin ya yi min daɗi, don faɗuwa ce ta zo daidai da zama: dama ƙiwar rubutu nake yi, kuma a gidan da rediyo ba ya mutuwa na tashi.

Sai na ajiye biro. Nakan sauke darasin da tsakar dare, lokacin da data ta fi araha, in saƙala abin sauraro a kunne, in ji shi cikin keke daga titin Bauchi zuwa shagon yayana a Taminus. Wani darasin na ji shi sau biyar. Har na haddace inda malama take tari.

Ranar gwajin farko aka ba mu cinikin wani shago na wata guda, aka ce mu shigar da shi littafi, hagu da dama su daidaita. Na zauna ina jin muryar malama raɗau a kaina, amma na rasa gefen da zan sa kayan da aka karɓa bashi. Takwas na ci cikin ashirin.

Kawuna, wanda ke da makarantar allo a Gangare, shi ya fara sosa min inda ke ƙaiƙayi. Na je gaishe shi da abin a kunne, ya ce, "Wannan karatun naka, wa kake biya wa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, saurare kawai ake yi." Ya yi dariya, ya nuna min wani yaro da ke wanke allonsa a bakin rariya. Yaron nan ya rubuta da tawada, ya ji Malam ya biya masa, ya yi ta maimaitawa da baki, ya zo ya kawo hadda ba tare da ya duba ba, sannan aka ba shi izinin wankewa. Bayan haka ma akwai tilawar na baya. Babu wanda ya taɓa tambayarsa ko shi mai gani ne ko mai ji.

Daga baya na karanta cewa a 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam huɗu, Harold Pashler na gabansu, sun bi diddigin binciken da aka yi kan wannan batu, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa koyar da mutum ta salon da ya fi so na ƙara masa fahimta ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gwajin wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, na 2006: waɗanda suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi tuna shi bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kansu ne a gaba. Hadda ke nan da tilawa, an sa musu kwat.

Ban ce tambayoyin ƙarya ba ne. Gaskiya ne ina son saurare. Sai dai darasin ne ke zaɓar hanyarsa: lissafi hannu yake so, kamar yadda taswira ke son ido, tajwidi ke son kunne.

Yanzu in an tashi daga aji, nakan kife wayar, in rubuta duk abin da na tuna a takarda, sannan in koma bidiyon in ga inda na zubar. Abin da ciwo, don raminka kake gani ƙiri-ƙiri. Washegari in sake, bayan kwana uku in sake. Ranar Asabar kuma na roƙi Yaya ya bar min littafin shago, na shigar da cinikin mako da kaina. Karon farko naira 4,500 ta ƙi daidaita. Sai wajen sha ɗayan dare, an ɗauke wuta ina haskawa da tocilan waya, na gano kuɗin mai turo kaya a baro ne na rubuta sau biyu.